Saniyar da Littafi Ya Ce An Cinye

Takardun gonar Hallett suna nan jibge a gidan adana tarihi, akwati kan akwati. Wanda ya buɗe littafin tatsa na shekarar 1947 zai ga wata saniya mai suna Marigol da ta fi kowace madara a garken, sannan a ƙasan shafin an rubuta cewa an yanka wa leburori ita da Kirsimeti. Duka biyun ƙarya ne, kuma Arap Sigilai mai tatsa ne ya jawo su.

A ƙasar Sotik aka haifi Sigilai, a daidai wurin da gonar take, tun ba a ja wayar shinge ba. Da ya girma sai ya tsinci kansa ɗan ci-arziki a makiyayar ubansa: bukka ɗaya, ɗan filin masara, matarsa Tabutany da yara, duk a bisa yardar Bwana Hallett, Baturen da ke da gonar. Gajere ne, ba ya son magana, amma a gaban saniya bakinsa ba ya rufuwa.

Wata shekara fari ya cinye ƙasar da Turawa suka bar wa ƙabilarsu ta Kipsigis. Arap Kirui, wanda suka sha kaciya tare, ya kawo masa karsana ja mai farin goshi, Lelmet, ya ce ya riƙe masa amana har ciyawa ta dawo. Ba a ƙin irin wannan roƙon. Sai dai a gonar an hana ma'aikaci ajiye saniyar gida, wai tana kawo ciwon kaska, wadda aka kama kuwa harsashi ne rabonta. Sigilai ya cusa ta cikin garken Bature, tunda tozonta ƙarami ne, za ta saje da shanun Turawa marasa tozo. Ranar wankan maganin kaska Memsab, matar Bwana, ta ga karsana ba tambari, ta ɗauka mantuwa ce. Aka ɗana mata ƙarfe mai zafi, aka raɗa mata Marigol, ta shiga littafi. Sigilai da kansa ya riƙe igiyar.

Da ta haihu tashin hankalin ya ƙaru. A gonar, ranar haihuwa ake ɗauke maraƙi a sa shi a littafin Bwana, saniyar gida kuwa ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta a gefe ba. Kowace safiya Memsab na zaune gaban sikeli tana rubuta nauyin kowane bokiti, kuma saniyar da bokitinta ya saba zuwa ba nauyi, wuƙa ke jiranta. Sai Sigilai ya fara tsiyayo madarar wasu shanun yana cika na Lelmet.

Da ya tsaya a tsaka-tsaki, da ba wanda zai lura. Amma ran da Memsab ta ce wannan ja ɗin tana ƙoƙari, kansa ya fasu, kamar 'yarsa aka yaba. Washegari ya ƙara. Tabutany ta ce masa, “Kai dai baban yara, ɓoye ta aka ce ka yi ko naɗa ta sarauta?” Bai ji ba.

Rannan da hantsi Bwana ya shigo shingen tatsa da wani Bature daga Molo, littafin a hammatarsa. Baƙon ya zo sayen Marigol, yana so a tatse ta a gabansa. Arap Tonui, hediman leburori, wanda ya san komai bai taɓa faɗa ba, ya kawar da kai.

Sigilai ya tsuguna, ya dafa goshinsa a kwiɓinta, ya yi mata kirari ƙasa-ƙasa. Ta riƙe abinta. Abin da ya sauka bai rufe gindin bokiti ba, kowa na jin ƙarar ɗigon a kan ƙarfe. Baƙon ya yi murmushi, wuyan Bwana ya yi ja.

“Ba ta da lafiya ne,” in ji Bwana, “ko wani ya taɓa mini sikeli?”

Sigilai ya san saniyar da aka zarga da ciwo ba ta kai yamma, a harbe a ƙone. Ya kuma san abin da ɗaya amsar za ta jawo wa bukkarsa. Ya ɗago kai.

“Lafiyarta ƙalau, Bwana. Ni nake ƙara mata.”

“Don me?”

“Ina son ta ne.”

Bwana bai ɗaga murya ba. Ya ce kafin Kirsimeti kada ya ƙara ganin Sigilai ko iyalinsa a cikin waya, saniyar kuma Tonui ya yanka wa leburori.

Ranar yankan aka ɗaure ta a bayan bukkoki. Mutane sun daɗe suna cin tuwon masara gaya, yara har sun fito da kwanoni. Sigilai ya shiga tsakanin wuƙa da saniya, ya faɗi gaskiya: ta abokin kaciyarsa Kirui ce, amana ce.

“Amanarka ko tamu?” in ji wani lebura mai suna Owuor, ɗan wata ƙabilar dabam. “Mu ba mu sha kaciya da kowa ba, tsoho. Matsa, miya na jira.”

Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba. Tonui yana ta goga wuƙa a dutse. Can sai Tabutany ta ajiye tulunta.

“Ga rumbunmu can cike, ga kajina. Ku kwashe duka.”

“Ku kuma ku ci me a hanya?” in ji Tonui.

“Ka tambayi mai son saniya.”

Tonui ya daɗe yana kallon farin goshin Lelmet, sannan ya mayar da wuƙar kube. Ya ce Bwana ba ya zuwa wurin fiɗa, shi zai gaya wa Memsab abin da za ta rubuta. Owuor ya yi tsaki, ya nufi kajin.

Sigilai da iyalinsa suka bi ta daji da Lelmet, nesa da hanyar 'yan sanda, tambarin Bature a cinyarta an shafe shi da taɓo. Yara sun yi kukan yunwa har suka gaji. Da suka isa gidan Kirui, ya fito ya rungume abokinsa. Ya zagaya saniyarsa, ya shafa bayanta, ya duƙa ya duba hantsarta. A al'ada, wanda aka ba riƙo madara ce tasa, 'ya'yan kuwa na mai saniya ne.

“Ashe ta haihu,” Kirui ya ce da fara'a. “Mace ko namiji?”

“Mace.”

“Madalla. Tana ina?”

Tabutany ta sauke kayan da ke bayanta, wanda shi ne duk abin da suka mallaka, ta zauna a kai. Sigilai ya waiwaya ya dubi hanyar da suka biyo.

“Tana cikin littafi,” ya ce.