Ni da Bilki a Bakin Turmi

Ranar wata Alhamis ce a zangon karatu na biyu, shekarar da nake aji biyar a firamare, aka jera mu 'yan mata a bakin filin makarantarmu da ke Wudil domin a zaɓi waɗanda za su yi gudu a gasar shekara. An zuba toka an ja layi a ƙasa. Mun tara takalmanmu a gindin darbejiya, kowa ta tamke ɗankwalinta a ƙugu. Malamin wasanni ya busa usur, muka zabura. Daga farkon tseren har ƙarshensa, abu ɗaya na gani, wato tafin ƙafar Bilki yana ɗagawa yana sauka a gabana, yana ƙara nisa. Da na isa layin ƙarshe na tarar har numfashinta ya dawo, tana tsaye hannu a ƙugu, 'yan ajinmu sun kewaye ta suna ihu. Ni ce ta biyun ƙarshe, wadda na tsere wa ɗin ma ƙaya ta taka. Bilki ta rusuna mini a gaban kowa ta ce, "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ya gajiyar hanya?" Filin ya ɗauki dariya, har da malamin.

Bilki 'yar gwaggona ce, wato 'yar ƙanwar mahaifina, an kawo ta daga Darki ta zauna a gidanmu saboda karatu. Ɗaki ɗaya muke kwana da ita a wurin kakarmu, wadda muke kira Iya, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya. Da yake ni 'yar namiji ce ita kuma 'yar mace, taubasai muke, abokan wasa. Al'ada ta ba ta damar ta tsokane ni yadda ta ga dama, ta kuma hana ni yin fushi. Wai ni ce uwar ɗakinta, shi ya sa take rusuna mini tana ce mini ranki ya daɗe duk lokacin da ta kayar da ni a wani abu. In na kai ƙara wurin mahaifiyata, amsarta ba ta canzawa: "Ke da taubashiyarki? Rama mana." To ni bakina ma bai fi ƙafata sauri ba. Sai bayan an watse nake tuno abin da ya kamata in faɗa.

Ba a makaranta kaɗai abin ya tsaya ba. In mahaifina yana son a sayo masa goro a bakin tasha, sai ka ji ya ce a kira Bilki, ita ce ba ta daɗewa. In akuya ta tsinke ta nufi gonar maƙwabta, sunanta ake ƙwalawa. Ni ce 'yar gidan, amma ita ake nema. Na riƙa lura da ita kamar mai nazari: yadda take taka ƙasa da kan yatsu, yadda take cin tuwo kaɗan ta tashi, yadda ba ta ko waiwaye in tana gudu. Na yanke shawarar cewa duk abin da ke jikinta zan iya sa shi a nawa, kuma kafin ranar gasa sai malamin nan ya kira sunana.

Sai na fara gudu ni kaɗai. Bayan sallar asuba, kafin a dama koko, nakan zame ta bayan gida in bi 'yar hanyar da ta gangara fadama, tsakanin fagagen tumatir da albasa, har in hango kogi in juyo. Masu ban ruwa sukan ɗago kai su tambaye ni ko lafiya, ko wani abu ne ya biyo ni. Malamin wasanni ya sha gaya mana cewa motsa jiki yana wanke zuciya, wanda ya yi gumi ba ya wuni da ɓacin rai. Ni dai akasin haka na gani. Haƙarƙarina ya riƙa suka, bakina ya yi ɗaci, kuma ko da babu kowa a hanyar, ina ganin Bilki a gabana. In na rage gudu sai in ji kamar ta ƙara nisa, in na ƙara sai in ji ba zan taɓa cim mata ba. Nakan dawo gida raina a jagule fiye da yadda na fita. Na yi ƙwallo da buta, na make ƙanena don ya taɓa jakata, na ture kokon da aka zuba mini. Mahaifiyata ta ɗauka shawara ce ke damuna, ta jiƙa mini sassaƙe mai ɗaci na yi ta sha.

Iya ce kaɗai ta yi ta kallona har ta gane abin da ke damuna. Wata safiya na shigo ina haki, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin ga waken nan? Babanki yana ci ya kwana lafiya, baffanki kuwa in ya ci sai ya kumbura masa ciki. Wannan gudun bai karɓe ki ba, 'yar nan." A lokacin ban ji komai a maganar ba sai cewa ita ma ta bi bayan Bilki. Na shige ɗaki na ƙi cin abinci har azahar.

Ba a zaɓe ni ba. Ranar gasa ina cikin masu riƙe wa 'yan tsere takalma. Bilki ta zo ta ɗaya, aka ba ta wani kwanon silba mai murfi, 'yan mata suka ɗauko ta a kafaɗa har ƙofar gida. Iya ta ɗora kwanon a saman jerenta, daidai inda idona ke fara sauka in na farka. Duk da haka ban daina zuwa fadama ba. Gasar ta wuce, babu sauran abin nema, amma na ci gaba da gudun kamar mai sosa ƙurji, ina sane da cewa ƙara mini zafi yake yi.

Ana cikin haka matar baffana ta haihu. Akwai injin niƙa a unguwarmu tun a wancan lokaci, amma Iya ba ta yarda a kai geron furar suna inji ba, ta ce garin inji ƙarfe yake wari. Saboda haka ana gobe suna matan unguwa suka taru a tsakar gidanmu, kowa da taɓaryarta a kafaɗa. Aka jera turame a inuwar mangwaro, aka surfa gero, aka wanke, aka tsane shi a kwanduna. Tsakar gida ta cika da ƙamshin citta da kanumfari, da ƙarar lugude, wato dakan da mata biyu ko uku suke yi a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har sautin ya zama kamar kiɗa. Ni a gidanmu ban taɓa wuce dakan yaji ba. Ranar Iya ta miƙo mini taɓarya, ta miƙa wa Bilki wata, ta nuna mana turmi ɗaya.

Da na ga Bilki tsaye a ɗaya gefen, sai na ga wani filin tseren ne aka sake ja mana. Na ƙudura cewa kafin ta sauke sau ɗaya zan sauke sau biyu. Ba mu yi nisa ba taɓaryata da tata suka gwabzu a bakin turmi, hannuna ya yi tsami har kafaɗa, turmin ya karkata, gero ya watsu a ƙasa. Kaji suka rugo daga ko'ina. Mata suka tsayar da daka suna dariya, mahaifiyata tana salati tana korar kaji da faifai. Bilki ta yarfe hannu ta ce, "Ranki ya daɗe, nan ma tsere ne? Ai da kin faɗa da na cire takalmi."

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kwashe geron aka sake wankewa, ta karɓi taɓaryar Bilki, ta gyara ɗaurin zaninta ta tsaya a gabana. "Daina kallon hannuna," in ji ta. "Saurari turmi. In ya amsa mini, sai ki ba shi taki." Ta fara a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Na jira ƙarar tata, na sauke tawa. Ta sauke, na sauke. Da farko ina ƙirgawa a zuci, daga baya na manta da ƙirgen. Kafaɗuna suka buɗe, numfashina ya bi saukar taɓarya, gumi ya gangaro ta bayan kunnena. Na gane cewa a wannan aikin babu ta ɗaya babu ta biyu. Wadda ta riga 'yar'uwarta ta ɓata daka, wadda ta makara ma ta ɓata. Da gero ya yi laushi aka juye a ƙwarya, hannuna duk ya yi kanta, bayana yana ciwo, amma yunwa nake ji irin ta mai lafiya. Na ci tuwo na ƙara, na ɗauki jaririyar da aka haifa, har na tsinci kaina ina yi wa ƙanena waƙa. Wannan ce gajiya ta farko da na sani wadda ba ta zo da ɗaci ba.

Zan so in ce a bakin turmi na fi Bilki, amma ba haka aka yi ba. Cikin 'yan makonni ta iya abin da ni har yau ban iya ba. Takan cilla taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, ta buga gefen turmi ta fitar da wani sauti na daban, mata su yi ta rangaɗa mata guɗa. Ina tsaye a gabanta ina jin abin yana cina. Sai dai a gudu ina da sararin da zan yi ta juya shi a rai, a daka kuwa babu. Da zarar na saurari zuciyata sai in rasa amon turmi, taɓare su haɗu. Dole in ajiye kishin a gefe sai an gama, kuma kafin a gama ya huce, ko da bai tafi ba. Wani abu kuma da na lura da shi daga baya shi ne, duk wannan ƙwalisar tata ba ta yiwuwa sai da wadda za ta riƙe mata sautin ba tare da ta motsa ba. Ko a gidan wa ake dakan biki, in an ce ta zaɓi abokiya sai ta ce, "Ku ba ni uwar ɗakina, ita ce ba ta ɓata hannu." Ita ake yi wa guɗa, ni ke riƙe da dakan. Na daina gangarawa fadama, babu kuma wanda ya tambaye ni dalili.

Yanzu a Kano nake zaune, aikina na zama ne daga safe har yamma. Da jinina ya fara hawa likita ya ce sai na riƙa motsa jiki, sai na shiga wani wurin motsa jiki na mata. An jera injinan gudu kusa da juna, kowanne da fitilar da ke nuna nisan da aka ci. Ban yi sati ba na kama kaina ina leƙen lambar wata yarinya da ke gefena, ina ƙara sauri, ina komawa gida ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na gane alamar, na daina zuwa. Wata Juma'a na je kasuwar Wudil na sayo turmi da taɓarya biyu. Maƙwabtana suna mamakin mace mai injin markaɗe a kicin tana surfe da hannu, ni kuwa jikina ya karɓa, barcina ya daidaita. Taɓarya ta biyun ce dai take jingine a bango. 'Yata ta gwada sau ɗaya ta ce hannunta zai yi kanta, ta koma kan wayarta.

Bilki ta koma Darki ta yi aure. Ta yi jiki, gwiwa ta fara damunta, ko tsallaka kwata sai ta dafa bango. Bayan sallar da ta wuce na kai mata ziyara. Tun daga zaure na jiyo lugude yana tashi daga cikin gida, taɓare uku a turmi ɗaya, ita da 'yan matanta biyu, kuma a cikin sautin na gane bugun gefen turmin nan nata. Na daɗe a tsaye a zauren ina saurare kafin in yi sallama. Gudun na bar mata shi tuntuni ban kuma yi da-na-sani ba. Wannan amon ne nake jin da ma a tsakar gidana yake tashi.