Fuskar Ƙyaure Daga Ƙasa

Madubi yana ɗinkin kujerun mota a wani shago da ke bayan tasha. Hancinsa ya karkata hagu, kunnensa na dama ba ya ji, kuma idan zai miƙe daga kan keken ɗinki sai ya dafa bango tukuna. Duk waɗannan tsaraba ce daga mutum ɗaya, marigayi Ƙyaure, zakaran damben zamani ajin masu nauyi, wanda Madubi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa aiki.

Aikin ba riƙon jaka ba ne. Abokin atisaye ne shi. Idan aka sa wa Ƙyaure ranar karawa da wani, sai a tura Madubi inda wancan yake horo, ya zauna kamar ɗan kallo, ya haddace tsayuwarsa da takunsa da yadda yake sauke kafaɗa kafin ya kai naushi. Sannan ya dawo ya zama wannan mutumin, Ƙyaure ya yi ta jibgarsa har ranar wasa. Nan sunan Madubi ya samo asali. Bai taɓa hawa dandali da sunan kansa ba. Ya sha duka a madadin mutane da dama, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san an yi masa wannan alheri.

Duk direban da ya kawo kujera, kafin a cire tsohon soso ya ji cewa ba a taɓa yin kamar Ƙyaure ba, ba kuma za a yi ba. Direbobi sun gane cewa musu yana jinkirta aiki, don haka sai su ce, "Haka ne, Baba."

Matarsa ce kaɗai ba ta cewa haka ne. Ta san Ƙyaure bai taɓa kiran mijinta da suna ba, "kai" yake ce masa. Ta san ranar da kunnen ya mutu, abin da Ƙyaure ya tambaya shi ne ko akwai wanda zai shigo a ƙarasa turmin.

Akwai wani kulob ɗin dambe a unguwar, tsohon sito ne, Madubi ke ɗinke musu buhun naushi idan ya yage. Wata safiya da ya kai buhu sai ya tarar an shafe bangon ciki da farin fenti, ga wani mai zane yana aunawa da igiya. Koci, mai kulob ɗin, ya ce manyan zakarun masu nauyi na kowane zamani za a zana, yara su riƙa kallo suna jin kunyar lalaci. Bangon fuska uku zai ɗauka, saboda taga ta cinye sauran. Biyu babu gardama a kansu. Ta ukun, in ji Koci, ta Mai Jan Wando ce, wani zakara na baya-bayan nan da yara ke kallonsa a waya.

"Ƙyaure fa?"

"Baba, Ƙyaure naku ne, mun yarda. To amma da wa ya kara? An ce zamaninsa babu maza. A garin da babu manyan bishiyoyi ai ko rogo inuwa ne."

Madubi ya juyo masa kunnen da ba ya ji, ya karɓi wani buhun ya tafi.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zauna tana tsintar wake a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Ci, Maigida. Mamaci bai san an hana shi bango ba."

"Zalunci ne."

"Wa aka zalunta?"

"Tarihi."

"Oho, tarihi. Ni na ɗauka hanci ne." Ta hure ƙaiƙayi. "Idan Ƙyaure ya hau bango, hancin nan gwarzon duniya ne ya karya shi. Idan bai hau ba, wani ƙato ne kawai ya same ka a ɗaki ya yi ta duka, kai kuma kana komawa kowace safiya."

Wannan karon kunnen mai ji ne yake wajenta.

Kashegari da rana ya rufe shago, ya sa tsohon takalmin roba, ya koma kulob. Mai zane ya gama fuska ta farko, yana kan tsani. Madubi ya ce wa Koci ya ɗaura abin kare haƙarƙari ya shigo cikin igiya.

"Baba, kada ka ja min magana. Idan ka faɗi me zan ce wa Mama?"

"Ka ce babu maza a zamaninsa. Na zo da su ne ku gaisa."

Yara suka bar buhu suka zagaye igiya, suna dariya ƙasa-ƙasa. Madubi ya sa safar dambe. Ya tura ƙafar dama gaba, ya lanƙwasa wuya, sai ga shi ya zama wani mutum daban, mai tafiya a karkace kamar ƙaguwa.

"Wannan Bahago ne. Ƙyaure ya kwantar da shi sau biyu."

Koci ya kai hannu, bai samu kowa a wurin ba, sai dai ya ji wani abu ya shafi kunnensa daga ɓangaren da bai sa rai ba. Madubi ya miƙe, ya ɗaga haɓa, ya miƙa hannun hagu kamar sanda.

"Wannan Dogo. Ba ka isa kusa da shi, sai dai ka aika masa saƙo."

Sai na uku, wanda yake rungumar mutum kamar ɗan'uwa yana taka masa ƙafa inda alƙalin wasa ba ya gani. Dariyar yara ta tsaya. Gwiwoyin Madubi suna ƙara, numfashinsa kamar zugazugi, amma da ya sauya tsayuwa sai mutumin ya shigo jikinsa ɗungurungum, har da tofar da yawu ta gefe.

"Wannan Mahauci. Ba ruwansa da fuska."

Naushin ya sauka daidai inda abin kariya ya ƙare. Koci ya zauna a kan igiyar ƙasa, ya daɗe yana nazarin rufin kwano.

"Duk Ƙyaure ya ci su?"

"Duk."

"To Baba," in ji Koci da ya samu iska, "mun ga baƙi. Yanzu nuna mana mai gidan. Yi mana Ƙyaure."

Madubi ya tsaya a tsakiyar dandali. Ya gyara ƙafa, sai Bahago ya fito. Ya sake, sai Dogo. Ya ɗaga hannu ya sauke. Ba a taɓa tura shi ya kalli Ƙyaure ba; duk lokacin da Ƙyaure ke aiki, shi yana cikin aikin.

"Ba ni da shi," ya ce.

Mai zane ya sauko daga tsani yana goge hannu. Ya ce ko da an yarda ma akwai matsala, domin hoton Ƙyaure ɗaya ya samu, na tsohuwar jarida, kuma ruwa ya cinye fuskar. "Baba, ko za ka kwatanta min kamanninsa? Kai ka fi kowa ganinsa."

Madubi ya yi tunani. Ya dafa igiya, ya durƙusa a hankali, ya kwanta rigingine a tsakiyar dandali, hannuwa a baje.

"Zo ka tsaya a kaina. Matso. Yauwa. Haka na san shi. Ƙafafu kamar turmi biyu, ciki, sai haɓa mai faɗi da tabo a ƙarƙashinta. Ƙofofin hanci. Ido ba a gani, ba ya kallon ƙasa."

Mai zane ya dubi Koci. Koci yana riƙe da haƙarƙarinsa. Ko hujja ce ta kama shi, ko tsoron kada a ce a sake gabatar da Mahauci, shi kaɗai ya sani. Ya ce Mai Jan Wando yaro ne, zai iya jiran wani bangon.

Yanzu duk wanda ya shiga kulob ɗin zai ga zakaru biyu suna harararsa, sai na uku wanda ƙafafunsa suka fi kansa girma, haɓa a sama, ƙofofin hanci biyu baƙi ƙirin. Tsofaffin da suka san Ƙyaure sun zo sun duba sun ce ba shi ba ne. Yaran kulob kuwa, idan aka kayar da ɗaya daga cikinsu ya buɗe ido, yakan ce lallai mutumin nan ya iya zane.

Madubi ya kai matarsa ta gani. Ta tsaya a ƙofa da jakar cefane, ta kalli bangon ta kalli mijinta.

"To, hanci ya samu uba. Yanzu tsakani da Allah, Maigida, shi ne ya fi kowa a duniya?"

Ya daɗe yana kallon haɓar.

"Ina zan sani? Sauran ba su taɓa dukana ba."

Ta miƙa masa jakar ya riƙe, suka fita. Ta bi ta gefen hagunsa, inda zai ji ta, ta ce akwai kujerar mai tasi da ke jira tun jiya.