Muryar Iya a Kaset ɗin Kawu Habu

Iya, kakata ta wajen uwa, ta zo Landan ne don yi wa Mama wankan jego lokacin da aka haifi ƙanina Nasiru. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya fara zuba a gida, gwamnati na ta turo mutane karatu Ingila. Baba yana ƙaro karatun likita a wani asibiti a Whitechapel, muna zaune a saman wani tsohon bene kusa da kasuwa. Sunan Iya aka sa mini, don haka kowa a gidan Ummi yake ce mini, ita kaɗai ke kirana takwara. An ce da an yi arba'in za ta koma, amma Mama ta yi ta ja mata rai har sanyi ya wuce, wani sanyin ya sake zagayowa.

Abin da na fara lura da shi game da Iya shi ne ba ta zubar da ruwan zafi haka kawai. In ta gama yi wa Mama wanka, kafin ta cire murfin bahon sai ta sunkuya ta yi bisimilla, ta ce, "Masu gida, ku janye 'ya'yanku, ga ruwan zafi nan tafe." Baba dai suruki ne, ko ya ji sai ya yi kamar bai ji ba. Mai tsokanarta shi ne Kawu Habu, autanta, wanda ke karatu a wata jami'a a Bloomsbury, yake zuwa mana cin tuwo duk ƙarshen mako.

"Iya, bututu ne fa kawai, kogi yake tafiya. Aljanun Landan ba sa jin Hausa."

"Kai ka shiga bututun ka gani, Auta?"

Sai ya bushe da dariya, ita kuma ta ƙara masa nama a kwano. Duk cikin 'ya'yanta babu wanda take ji da shi kamarsa, kuma ba ta ɓoyewa.

A gida ba a yin tatsuniya da rana. To amma a sanyin Landan, ana idar da la'asar gari ya yi duhu. Iya ta ce ranar garin nan malalaciya ce, kuma tunda ita ta gudu da wuri, laifin ba namu ba ne. Da an yi magariba sai mu kewaye hita mai kananzir da ke tsakiyar falo, ta ɗora gyaɗa a murfin gwangwani a samansa, warin kananzir da ƙamshin gyaɗa su gauraye. Nasiru na goye a bayanta, Mama na guga a gefe tana yi kamar ba saurare take ba.

Iya tana da ka'idarta. Ba ta farawa sai ta ce, "Na buɗe ƙofa, kowa ya naɗe ƙafarsa." Ni kuma in ce, "Na naɗe." In ta gama sai ta ce, "Na rufe ƙofa. Duk abin da kuka ji ƙarya na shirga muku, wanda ya shigo sauraro ya koma gidansu." Sannan ta tofa mana addu'a. Ko tuwo ne ke ƙonewa a kan wuta ba ta tashi sai ta rufe. A ganinta, in ka ambaci mutanen ɓoye sun ji ka, kuma rashin ladabi ne ka kira baƙo ka bar shi tsaye ba sallama.

Wadda na fi so ita ce ta Delu. Delu mace ce mai gaggawa. Wata rana da almuru ta tace wake, ta watsa tafasasshen ruwan a bayan ɗaki ba ta ce komai ba, ashe ɗan wata aljana na wasa a wurin. Kafin a yi lisha Delu ta yanke jiki ta faɗi, da ta buɗe baki kuma ba muryarta ce ta fito ba. A nan Iya za ta sauke haɓarta kan ƙirji, ta lumshe ido, wata irin murya mai kauri ta taso daga cikinta: "Wa ya ƙona mini ɗa? Ni na taɓa naku?" Kullum sai na ƙwala ihu na cusa kai a zanen Mama, kullum kuma sai na ce a sake.

Aka kira masu magani, aka yi hayaƙi, aka yi tsawa, har da bulala, aljana ta ce ba inda za ta. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ratsa taron, ta durƙusa kusa da Delu, ta ce, "Baiwar Allah, yaya jikin yaron?" Sai aljana ta fashe da kuka. Ta ce tun da ta zo kowa korarta yake yi, babu wanda ya tambaya. Tsohuwa ta haɗa man shanu da zuma, ta sa Delu ta kai bayan ɗaki da hannunta ta nemi gafara. Aljana ta karɓa, ta ɗauki ɗanta ta tafi, Delu ta tashi garau. Darasin da na ɗauka a lokacin bai wuce ɗaya ba: a yi bisimilla kafin a zubar da ruwan zafi.

A wannan sanyin ne wani fim ya rikita Landan. Labarin wata yarinya ce da shaiɗan ya shiga jikinta, yana magana da bakinta cikin muryar ƙato. Layi har kan titi, ana ta maganar wai mutane na suma a cikin silima. Turawan da ke mana kallon masu camfi, ga su nan suna biyan kuɗi a tsorata su. Kawu Habu ya kalla ya sake kalla, ya zo yana ba mu labari yana kwaikwayon yadda yarinyar ke murɗe wuya.

"Allah sarki 'yar mutane," in ji Iya. "An kuwa tambaye shi abin da aka yi masa?"

"Wasa ne fa, Iya, acting ne."

"To da suka gama wasan, sun rufe ƙofa?"

Ba a daɗe ba Kawu ya sayi rikoda da alawus ɗinsa, ya ce yana so ya ɗauki tatsuniyar Delu. Iya ta ƙi. Ta ce muryar da ta fita daga bakin mutum ta shiga akwati ba ta da mai tsaronta. Ya durƙusa gabanta yana shagwaɓa, ya rantse da Allah don jikokinta ne, babu mai ji sai 'yan gida, ranar da babu ita mu riƙa jin muryarta. Wannan maganar ce ta karya mata zuciya. Ranar ɗaukan har wanka ta yi, ta sa kwalli, ta ɗaura zanenta na zuwa biki, duk da an gaya mata akwatin ba ya gani. Ban taɓa jin ta yi tatsuniyar da daɗi kamar ranar ba, har da waƙa da dariya a tsakani.

Bayan wasu makonni Kawu ya ce abokan karatunsa Turawa na so su zo gaishe ta. Iya ta tashi tun safe, ta sa Mama ta samo kabewa a kasuwa, ta yi funkaso da miyar taushe. Baba yana asibiti. Mama ta gaisa da baƙin ta shige ɗaki ba Nasiru nono, aka bar ni da Iya a falo. Baƙin maza biyu ne da mace ɗaya. Suka zauna a bakin kujera, ba wanda ya taɓa abincin. Matar ta riƙe wani ɗan gicciye da ke wuyanta, idonta na kan Iya.

Kawu ya danna rikoda. Ba buɗewa, ba Delu, ba wake. Gurnani ne kawai ya cika falon, muryar aljana tana tambaya tana sake tambaya, sai kukanta, sai ihuna. Ya yanke duk sauran, ya harhaɗa waɗannan wuri ɗaya. Ihun da nake yi don daɗi, a nan ya koma ihun yarinyar da ake shirin halakawa.

Ɗaya daga cikin mazan ya tambaya da Turanci, yaushe abin ke kama ta, kuma in ya sake ta tana tunawa? Kawu ya gyara zama ya amsa masa. Ya ce tun yana yaro take haka, duk dangi tsoronta suke ji, ko yanzu ma kullum sai ta shiga banɗaki ta yi magana da aljanu. Ya manta ni makarantar Turawa nake zuwa, ko kuma bai ɗauke ni a bakin komai ba.

Iya ta karkata kai tana sauraron akwatin. "Auta, ina farkon? Ina ƙarshen? Ai ka bar ƙofa a buɗe."

"Kaset ɗin ne ya cika, Iya. Cewa suke muryarki akwai daɗi."

Ta dubi matar nan mai riƙe da gicciye. "Wanda ke jin daɗi ba ya riƙe wuya haka. Takwara, me suke cewa?"

Kawu ya zare mini ido. "Ummi, go to your room."

Ban tafi ba. Na gaya mata duka, har maganar banɗakin.

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta dubi Kawu ta ce, "A bayan nan na goya ka, Habu. Da akwai wani abu a kaina, ai kai ne za ka fara sani." Ranar na fara jin ta kira shi da sunansa. Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce, "Ka ce wa baƙinka su ci abinci, ban zuba komai a ciki ba." Ta shige ɗaki ta rufo ƙofa.

Ashe kaset ɗin ya riga ya zaga, har cikin ɗaliban gida. Da Sallah ta zo muka je Idi a Regent's Park, Iya ta shimfiɗa dardumarta kusa da wata Bahaushiya da suka saba gaisawa. Matar ta janye 'yarta, ta naɗe tata dardumar ta koma wani sahu. Iya ta gani. A hanyar dawowa ta ce wa Mama, ba kanta take ji ba, ta riga ta tsufa. Abin da ke damunta shi ne magana ta kai gida cewa matan gidanmu suna da iska, ga shi kuma ni sunanta ne da ni.

Daga ranar baƙin nan ba ta sake yin tatsuniya ba. Na yi roƙo, na yi kuka, na gasa gyaɗar da kaina na kai mata. Sai ta shafa kaina ta ce, "Ƙofa ɗaya tana can a buɗe, takwara, ba na ƙara wata." Ta sa Mama ta roƙi Baba a sayo mata tikiti. Mama ta wanke Kawu tas, shi kuwa cewa ya yi wasa ne, mun cika ɗaukar abu da zafi. Ranar tafiyarta bai zo filin jirgi ba, wai yana da jarrabawa. Na tsane shi a ranar, kuma ba zan ce tsanar ta gama fita ba.

Iya ta rasu ina jami'a. Kawu ya koma gida ya zama babban darakta, kuma shekara da shekaru yana ba da labarin nan a wurin taro, yadda ya raina wa Turawa hankali. A nasa labarin Turawan ne aka yi wa wasa, Iya ba ta ma cikin lissafi. Da na nemi kaset ɗin asali, ya ce ai tuni ya ɗora kiɗa a kai, yankakken ne kawai ya rage. Ya miƙo mini shi yana dariya.

Na kalli finafinan tsoro da yawa tun daga nan, ni da 'ya'yana, ba wanda ya hana ni barci. Ko akwai mutanen ɓoye a bututun Landan, Allah ne masani, ni dai har gobe ina bisimilla. Amma sai da na girma na gane ba ruwan zafin ne zuciyar tatsuniyar Delu ba. Kowa na iya ƙona wani bisa kuskure, ko bisa wauta irin ta ƙuruciya. Abin da aljanar nan ta zauna jira shi ne a zo a tambaya. Iya ma ta jira. Mama ta ce duk wanda ya je daga Landan sai Iya ta tambaye shi ko Auta ya ba da saƙo. Yakan aika da atamfa da turare, amma kalmar da take jira bai taɓa aikawa ba.

Bara Kawu ya zo Landan ganin likita, ya sauka a gidana. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Wata yamma muna zaune sai ya ce, "Ummi, kaset ɗin nan yana nan kuwa? Kwanan nan Iya nake ta mafarki. Ina so in ji muryarta."

Na ɗauko tsohuwar rikoda na sa masa. Gurnanin ya taso. Ya yi murmushi da farko, ya jingina yana jira. Murmushin ya fara gushewa.

"Kai shi gaba mana, wajen da take waƙa, take dariya."

"Babu, Kawu."

"Wajen da take kiran sunana fa? Na tuna ta ce Auta matso kusa."

"Babu. Kai ka yanke."

Ya miƙa hannu yana laluben inda ake kashewa, bai samu ba. Ina zaune kusa da shi, ban taimaka masa ba, har kaset ɗin ya kai ƙarshe.