Haƙuri da Dangana

Shekarar da nake aji biyu na kolej a Maraɗi, muna da malamin Faransanci, dogo mai siririyar murya, wanda bai yarda ɗalibi ya maimaita kalma ɗaya sau biyu a shafi guda ba. Mushe muke ce masa, kamar sauran malamai maza. Duk ranar Juma'a yakan rubuta kalma ɗaya a allo, irin sunayen abubuwan da ba a gani kuma ba a taɓawa: tsoro, kunya, fushi, farin ciki. Aikinmu shi ne mu nemo mata ƴan'uwa masu ma'ana ɗaya, abin da yake kira sinonim. Mu fara tambaya a gida da Hausa, ran Litinin mu zo a nemi na Faransanci tare. Wanda ya fi kawo da yawa shi ke cin babban maki. Ni kuwa a lokacin, a kan maki ina iya ɓatawa da kowa.

A gidan gwaggona nake zaune, a unguwar Zariya, don can ya fi kusa da makaranta. Gidanmu yana Jiratawa, sai ran Asabar nake zuwa. Tun bayan girbi mahaifiyata, Inna, take kwance. Ƙafafunta sun kumbura, ga numfashi da ƙyar. Sau biyu ana kai ta asibiti ana maido ta da ledar magani. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini abin da ke damunta. In na tambaya a ce da sauƙi, in na matsa a ce in je in yi karatuna. Abu ɗaya nake son sani, ko za ta tashi, shi ne kuma kowa ke kauce wa.

Wannan makon kalmar da Mushe ya rubuta ita ce haƙuri. Da na isa gida na tarar Inna tana barci, sai na ɗauki littafina na bi Baba garka. Ranar layinsa ne na ruwa, yana tsaye da fartanya yana buɗe wa fangalin zogale hanya. Baba bai yi boko ba, kuma ni a shekarun nan ina ganin wannan babban naƙasu ne. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Baba, kalmomi nike so masu ma'ana guda da haƙuri."

"Masu ma'ana guda? In ma'anarsu guda, mi ya sa anka yi su biyu?"

"Kai dai ka hwaɗa mini, Baba. Mushe ya ce duk ɗaya ne."

Ya yi dariya, ya toshe ruwan da ƙasa, ya buɗe wa fangali na gaba.

"To rubuta juriya. Shi ne ki wuni duƙe cikin rana kina dashen tattasai, bayanki na ciwo, ba ki tashi ba sai kin kai ƙarshe. Rubuta dauriya. Ƙaya ta soke ki, a sa allura a hidda ta, ba ki yi kuka ba. Rubuta kawaici. Akuyar maƙwabci ta ci miki zogale kina gani, ki kau da kai don kunyar mai ita."

Ina rubutawa ina ƙunƙuni, don kalmomin kawai nake so, ba labarin akuya ba.

"Saura guda," in ji shi. "Dangana."

"Ita ma haƙuri ce ke nan."

"A'a, uwata. Nan ne mutane ka kuskure. Haƙuri ana yin shi da abin da za shi wuce. Kin ga ruwan ga, kwana shidda nike jiran layina, na san shina zuwa. Wannan haƙuri ne. Amma shekarar da gulbi ya cika ya share mana garka, ba ko ganye guda, ba abin jira. Wannan sai dangana. Ana yin ta da abin da ba shi dawowa."

Na rubuta ta a ƙasan sauran. Sannan, ban san yadda aka yi ba, tambayar ta fito da kanta.

"Baba, Inna za ta warke?"

Ya dube ni, ya kau da kai. Yana kallon ruwa har ya fara tsallake kunyar fangalin, sannan ya ce, "Haƙuri za mu yi, uwata."

Wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Shi da bakinsa ya gama ce mini haƙuri na abin da zai wuce ne. Na riƙe kalmar nan kamar an ba ni takardar likita. Ran Litinin na kai kalmomi huɗu, na fi kowa. Mushe ya sa jan biro ya jera su a layi ɗaya da alamar daidai a tsakaninsu, ya yaba mini a gaban aji. Ban gaya masa abin da Baba ya ce ba, don kada a yi mini dariyar ƴar ƙauye.

Bayan mako biyu kawuna ya zo ya ɗauki Inna zuwa Tibiri, gidan kakata, wai a gwada na gargajiya. Daga nan na koma sauraren bakin mutane. Duk wanda ya shigo gidan gwaggo ya yi zancen Inna, sai in kasa kunne in ji wace kalma zai faɗa. Kowa haƙuri yake cewa. Ni kuma in koma ɗaki da daɗin rai, ina ganin duk gari ya shaida za ta tashi.

Wata Lahadi gwaggo ta kai ni Tibiri. Inna tana jingine da bango a kan tabarma, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta tambaye ni karatu, na karanta mata kalmomin da misalan Baba. Da na zo kan kawaici ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ta san akuyar, ta san mai ita. Da la'asar ta yi muka tashi tafiya, sai ta kama bakin zanena.

"Ki kwana mana. Gobe kawunki shi maida ki."

"Inna, gobe muna da jarrabawa tun da sahe. Asabar ina dawowa."

Ta saki zanen. Ba ta sake roƙo ba, ta ce Allah ya ba da sa'a. Na fita ko waiwaye ban yi ba, don a ganina muna da Asabar da yawa a gaba. Wannan fitar ita ce abin da har yau ban yafe wa kaina ba, kuma na daina sa ran zan yafe.

Ran Laraba da aka tashe mu da rana, na hango Baba a bakin ƙofar makaranta. Bai taɓa zuwa wurin ba. Yana sanye da rigarsa ta Juma'a, ya rakuɓe gefe don kada ɗalibai su bangaje shi. Abin da na fara ji, Allah ya gani, kunya ce, kada ƙawayena su ga faso a ƙafarsa. Na ƙarasa na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, yana murza hularsa a hannu.

"Uwata," ya ce, "sai dangana."

Ban tambaye shi ko mene ne ba. Babu ɗalibin da ke wucewa ta gefenmu da zai gane an faɗi wani abu, ni kuwa na gane. Na zauna a ƙasa da jakata. Abin da ya fara zo mini ba kuka ba ne, fushi ne.

"Haƙuri ka ce, Baba! A garka haƙuri ka ce mini!"

Ya tsuguna a gabana. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Na ce. Tun ran nan likita ya riga ya hwaɗa mini. Ɗayar ce a bakina, uwata, na dube ki na kasa."

Ya ce da asuba Inna ta cika, an kai ta da hantsi. Ya tsaida mai kabu-kabu, muka hau mu biyu muka nufi Tibiri. Gidan kakata cike yake da mata, duk wadda na durƙusa wa sai ta dafa kaina ta ce in yi haƙuri. Na amsa wa kowa yadda ake amsawa. Tabarmar Inna tana nan a naɗe jikin bango, a daidai inda ta saki zanena.