Ranar da Amparo Ta Tsayar da Kekunan Ɗinki

Wandona ne ya haɗa ni da Doña Amparo. Na sunkuya zan ɗaga bandir ɗin yadi a kamfaninmu na ɗinka rigunan kujeru, can bayan titin Gate City Boulevard a garin Greensboro na Amurka, sai na ji ɓarrr daga baya. Mata talatin a kan kekuna, ni kuma na kama tafiya da baya-baya, kwali a riƙe inda bai kamata a gani ba. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini ƙyallen labule na ɗaura, ta juya cikin wandon, ta daɗe tana duba ɗinkin.

"Ba laifin tela ba ne," in ji ta da Turancinta mai kauri. "Shekara shida na yi ina ɗinka irinsa. Tumbinka ne."

A wani ƙauye na jihar Veracruz, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Amurka ta kudu, aka haife ta, mahaifinta manomin masara. Da aka fara aiki da yarjejeniyar ciniki ba shinge tsakanin ƙasarsu da Amurka a 1994, masara mai arha ta kwararo daga arewa, tasu ta rasa mai taya. Tana 'yar shekara goma sha tara ta hau mota zuwa Reynosa, bakin iyaka, inda masana'antu suka jeru kamar rumfunan kasuwa. Yadi ya shigo a yanke, a ɗinka, ya koma. A shekarun nan ne masaƙun Greensboro ke sallamar mutane. Nakan tsokane ta cewa aikin ya tafi kudu nemanta, ita ta taho arewa nemansa, suka yi saɓani a hanya. Ba ta taɓa yin murmushi a kan wannan ba.

Kowane keke yana da ɗan ƙarfe a gaban allura mai kare yatsa. Yana rage sauri kaɗan, don haka a Reynosa aka kwance su duka. Manuniyarta ta hagu da allura ta ratsa a can har yau a karkace take. Suna da ƙungiyar ma'aikata a takarda, amma babu wadda ta taɓa ganin shugabanta. Sai matan suka shirya tasu dabarar: idan lokacin da aka ajiye ya yi, kowacce ta ɗauke ƙafa daga keke, ta ɗora tafukanta biyu a kan tebur. Ba ihu, ba zagi. Shirun ne zai fito da manaja daga ofis.

Cikin mata ɗari uku, goma sha huɗu ne suka tsaya. Mai injin yankan yadi kuwa bai kashe nasa ba, kuma ƙararsa ta fi ta kekuna hamsin, manaja ko jin bambanci bai yi ba. Kafin la'asar an kori su goma sha huɗun, har da ita. Sunanta ya shiga wata takarda da ke yawo daga masana'anta zuwa masana'anta, duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai a duba a ce babu gurbi. Abin da ya tsallako da ita Amurka ke nan.

Shekara ashirin da 'yan kai ta yi a garin nan ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Sai bana, ana gab da baje kolin kujeru na garin High Point, oda ta yi yawa, sabon sufabaiza ya zaga da sukundireba ya kwance ƙarafan nan. Amparo ta bi hannunsa da ido, keke bayan keke. Kwana tara bayan haka allura ta ratsa yatsan Tchima, 'yar Maraɗi da ke zama kusa da ita, har ta karye a ciki.

Ranar Talata Tchima ta dawo da hannu a naɗe. Lokacin cin abinci ta same ni, idonta ya yi ja.

"Malam Iliyasu, patron ya ce ƙarfe biyu in zo ofis in sa hannu. Wai ni na cire ƙarfen da kaina. In na sa me zai faru?"

Amparo ce ta amsa, da na fassara mata. "In ta sa, sun wanke hannunsu daga maganinta, kuma kafin Juma'a sun sallame ta. In ta ƙi ita kaɗai, yau za su sallame ta." Ta juyo gare ni. "Na yi magana da matan. Ƙarfe biyu. Saura kai."

Ni ne mai injin yanka a kamfanin nan.

"Doña, ni fa ko matata ta ce in tsaya sai na nemi lauya."

"Ba wasa nake ba, Iliyasu."

Ita ta fi kowa sanin abin da take roƙo. Rabin matan nan ba su da takardun zama, ba sa son a tambayi ko adireshinsu. Ita kanta shekararta hamsin da ɗoriya, ba ta da wata iyakar da za ta sake tsallakawa. Daga ƙarfe ɗaya ta daina kallon agogo, ta koma kallon ƙafafun mata a ƙarƙashin tebura.

Ƙarfe biyu sufabaiza ya leƙo ya kira Tchima. Ƙofar ofis ta rufe. Amparo ta ɗauke ƙafa, ta shimfiɗa tafukanta. Ta ɗaya gefenta ta bi. Layin gaba ya mutu, na tsakiya ya yi ta-ta-ta ya mutu. Wata 'yar Vietnam a ƙarshen layi ta ƙarasa ɗinkin da ke hannunta tukuna, sannan ta ajiye. Saura ƙara ɗaya a ɗakin, tawa. Na tuna 'ya'yana biyu a makaranta, na tuna inshorar lafiya, na tuna mutumin da ya tsaya mini aka ɗauke ni. Amparo kallona kawai take. Na danna jan maɓallin.

Ban taɓa sanin fankar rufin nan tana ƙara ba sai ranar.

Manaja ya fito, takarda da biro a hannu, Tchima a bayansa. Ya ce a koma aiki. Ba wadda ta motsa. Ya tambaya wa ya shirya wannan. Amparo ta ɗaga karkataccen yatsanta, ta nuna gurbin ƙarfen a kekenta, ta mayar da hannun kan tebur. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon mai haddace fuska. Sannan ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa sufabaiza ya ɗauko ƙarafan daga sito. Tchima ta koma kujerarta ba ta sa hannu a komai ba.

Da aka tashi na tarar da Amparo a wajen ajiye motoci, tana neman makulli a jaka.

"Doña, kin ga aikin maza? Yatsa ɗaya na sa, kamfani ya durƙusa. Ya kamata a liƙa hotona a bango."

Ta buɗe motar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Minti huɗu yatsan nan naka ya yi yana shawagi a kan maɓalli. Gobe ni za su kira ofis, ba kai ba. In akwai sauran jarumta a jikinka, ajiye ta zuwa gobe, kada ka ƙarar da ita a baki."