Malam Gwadabe da Haƙorin Makkan Hajiyarmu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, masu shan shayi a bakin Ƙofar Mazugal sun san ƙarar tsohuwar Besfar Malam Gwadabe. Daga Gwammaja yake tahowa, ya jingine ta a gindin darbejiya, ya gaida masu gadi, ya shige wani ɗan ɗaki a can ƙuryar asibitin haƙori. Shekara talatin da biyar ke nan. Ɗakin cike yake da ƙananan burushi, da murhun narka ƙarfe, da siffofin bakunan mutane na farar ƙasa jere a kan kanta, kowanne da sunan mai shi. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma na tabbata yawancin masu tauna tsire da aikin hannunsa ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Sana'arsa ƙera hular haƙori, wato kwanson da ake kifa wa haƙorin da ya lalace don kada a kai ga cire shi. Likita ke gyara haƙori ta ɗauki awo, shi kuma ya ƙera. Godiya takan tsaya a ɗakin likita, ba ta ƙarasawa ƙurya. Ɗan maƙerin zinare ne, a gaban wutar mahaifinsa ya tashi, shi ya sa idonsa ba ya barin ƙaramin aibi ya wuce. Alhaji Zaharaddeen mai yadi har yau yana ba da labarin yadda ya nace a yi masa hula fara tas. Malam ya dube shi ya ce, "Alhaji, shekara arba'in kana cin goro. In na sa maka fari sol, kowa zai san aro ka yi." Ya zauna da burushinsa yana rina ta har ta saje da 'yan uwanta.

Ni dai ta dalilin mahaifiyata na san shi, wadda mutanen Kabara ke kira Hajiya 'Yardada. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ta sauke farali tare da Babanmu, ta dawo da haƙorin Makka yana walƙiya. A gurguje aka kifa mata shi a wani shago ana gobe za su taso. Bara sai kumatunta ya kumbura, ta koma cin abinci da gefe guda, in za ta yi magana sai ta kare baki da mayafi. Kanumfari ta sa, ruwan gishiri ta kurkure, duk a banza. Da ƙyar na ja ta asibiti. Dakta Zuhra ta ɗauki hoto ta ce haƙorin ya ruɓe a ƙarƙashin zinaren, mugunya ta taru, in ba a cire kwanson an wanke ba ciwon zai iya cin ƙashin muƙamuƙi.

Hajiya ta miƙe ta gyara lulluɓi. "Da shi za a binne ni," in ji ta. Wallahi na tsorata, don na san halin kayana, in ta kafe ko jaki ya san da zamanta. Na yi ta kawo mata dalilai irin namu na 'yan boko, cewa ba da haƙori ake aikin Hajji ba. Ta ce ai ba ni zan koya mata addini ba.

A nan Malam Gwadabe ya leƙo da wani awo a hannu, rigarsa duk farar ƙura. Ya russuna ya gaishe ta, ya saurari rigimarmu, sannan ya yi tambayar da ni 'yarta ban yi tunanin yi ba.

"Hajiya, wa ya zaɓa miki shi?"

Hajiya ta dube shi. Can ta ce, "Maigidana Alhaji ne, Allah ya ji ƙansa. Ya ce in na yi dariya ya fi son ya ga haske."

"To ba za a yar da zaɓin Alhaji ba," in ji Malam. "Ki bar likita ta yi aikinta. Zinaren ki ba ni amana. Zan narka shi in ƙara masa, in zuba shi daidai da bakinki, ya koma inda Alhaji ya ajiye shi."

Ta koma ta zauna. Aka yi mata allurar kashe zafi, aka zare kwanson, aka wanke jijiyar da ta mutu. Da kumburi ya saɓe aka fere haƙorin, aka cusa mata wani abu mai danƙo kamar ƙullu ta cije don a sami awo, aka rufa mata hular roba ta wucin gadi. Mako biyu tana mita wai an mayar da ita wadda ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ranar sawa Malam da kansa ya kawo hular. Aka gwada, ya ce ta cije, ya ga ta ɗan yi tudu, ya koma ya goge. Sau uku yana komawa kafin ya yarda a liƙa.

Kai ne ka ji abin da tsohuwa ba ta faɗa ba, Malam. Gwani na Gwammaja, mai aiki a ɓoye kamar gishiri a miya. Kai ka ceto mana haƙori ba tare da ka karya zuciyar mai shi ba. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya, ya ba bayanka irin hannunka. Ku kuma matasan da za ku gaji ɗakin nan, narka ƙarfe kowa zai iya koya. Ku koyi tsayawa ku tambayi mutum abin da yake tsoron rasawa.

Da aka miƙa wa Hajiya madubi ranar nan, ta daɗe tana kallo. Sai ta sauke mayafin daga bakinta, ta yi dariyar da muka shekara ba mu ji ba, ta ce, "Alhaji, ga haskenka nan ya dawo."