Sabuwar Ƙafar Madubin Baba

Babanmu mai gyaran agogo ne, har idanunsa suka gaji da ƙananan kusoshi ya rufe shago. Mun ɗauka hutu ya zo, sai ga shi ya tare a saman bene da madubin hangen nesa, wai shi rana yake kallo. Maƙwabta suka laƙaba masa Mai Rana, ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ba ganganci yake yi ba. Bakin madubin yana da murfi mai tace haske, kuma ba ya barin kowa ya leƙa sai ya tabbatar murfin ya zauna daram. Ya ce akwai baƙaƙen tabo a fuskar rana, yau suna nan, jibi sun matsa. Abin da ke ci masa rai shi ne Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa ganinsu ba. Tsohuwar ƙafar da ake ɗora madubin a kai ta katako ce, ko tari ka yi sai ta girgiza. Kafin Inna ta ja gwiwoyinta masu ciwo ta gama hawa matakala, rana ta sulale daga cikin madubin. Ta leƙa ta ga duhu, shi kuma ya yi ta lalube har tsayuwa ta gagare ta. Hotunan ranar da yake ɗauka ma ba sa taimakonsa, sai ka ce ƙwai ya fashe a kasko.

Rannan Inna ta gaji, ta ce sau ɗaya ya rage mata, in ta sake hawa a banza, ita da saman bene har abada. Baba ya yi dariya, amma na ga maganar ta soke shi.

Sai sabuwar ƙafa ta iso, ta ƙarfe, da ɗan inji mai juya madubin a hankali yana bin rana. Tsoho ya rikice. Ya shafa ta, ya kara kunne yana jin kukan injin, ya kira ni a wurin aiki wai lallai in zo in zama shaida. Washegari da safe na tarar da shi da hula a karkace, shayinsa ya huce, yana 'yar rawa shi kaɗai.

Ya saita, ya ƙwala wa Inna kira, sannan ya sake leƙawa. Rana na gudu fiye da kullum! Ashe injin yana da maɓalli mai gefe biyu, ɗaya na mazauna arewacin duniya, ɗaya na kudanci. Baba, da ɗoki ya sa ya bar tabarau a ɗaki, ya danna wanda ba namu ba, injin ya kama jan madubin baya. Ga ƙarar silifas ɗin Inna tana ta matsowa.

Ya tura ni in tsare ta. Na sauka na fara tambayarta lafiyar 'yan uwan da ban taɓa damuwa da su ba.

"Matsa min, 'yar nan," in ji ta. "Na san aiko ki aka yi."

Muka iso yana tsaye ƙiƙam, gumi sharkaf, ya dai gyara. Inna ta zauna a kan benci, ta ɗora ido.

"Malam, waɗannan ɗige-ɗigen ba dattin gilashinka ba ne?"

Ya rantse mata ba shi ba ne. Ta ƙara gyara zama, ta ce yau dai rana ba ta gudu ba.

Baba ya ɗauko kyamara zai maƙala, ta kore shi da hannu kamar mai korar kaza. Haka ya tsaya a gefe yana dariya yana goge ido da hannun riga, ranar ko hoto ɗaya bai samu ba. Ni ma daɗi ya cika ni har na manta da zuwa aiki.

Can Inna ta yi magana, idonta na manne da madubin.

"Gobe ka hau min da kujera mai jingina. Wannan bencin yana cin baya."